Inda Rabin Ruwan Yake Zuwa

Gangaren da ke bisa Unguwar Ƙasa ya shekara uku yana tafiya, kuma ba gaggawa yake yi ba. Bana ƙofa ta ƙi rufuwa, baɗi bango ya tsage, wata shekarar a tashi a ga turken lantarki ya karkata kamar mai leƙen gidan maƙwabta. Mutane suka saba. Mai ƙofa ya fere ta, mai bango ya cusa laka, aka ci gaba da zama. Sai da ɗakin girkin wata tsohuwa ya rabu da sauran gidan har akuya tana wucewa ta tsakani, sannan gunduma ta turo jami'inta, wani Rustamov mai jaka da takalmi mai ƙyalli. Ya ce in ba a gano abin da ke tura ƙasar an tsayar da shi kafin dusar ƙanƙara ta sauko ba, za a kwashe unguwar kaf a kai ta kudu, ƙasar auduga.

Shodmon a Unguwar Sama yake, inda ko tsakuwa ba ta motsa ba. Amma 'yarsa Mohira a ƙasa take aure, ita da 'ya'ya uku da uwar miji, mijin yana Rasha yana aikin gini kamar rabin mazan ƙauyen. Mohira kaɗai Allah ya bar masa. Kullum da safe jikokin ke hawowa su cinye masa gurasa da zuma, su bar masa gida a hargitse. Kuma Shodmon ya san kudu. Yana yaro aka kwashe wani ƙauye na hayin kogi aka kai can, tun daga nan ba a ƙara ganin mutanensa ba sai wajen jana'iza, su zo a rame, rana ta ƙona su, su kwana ɗaya su koma. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, ko da yake in ka gan shi a ƙofar masallaci yana gyara rawani sai ka rantse shi ya ba gangaren izinin tafiya.

Saboda haka ya mai da kansa mai masaukin duk wani masani da aka turo. Dama ɗakin baƙinsa ya fi na kowa, tagarsa tana kallon lambun tuffar da ake kwatance da shi a kwarin nan baki ɗaya. Kafin zamanin mahaifinsa wurin nan ƙeƙasasshen tudu ne da ko jaki ba ya tsayawa a kai. Mahaifin nasa, Hokimsho, shi ya tara maza suka sassaƙa magudana a jikin dutse, wasu wuraren suna rataye da igiya, suka jawo ruwa tun daga bakin ƙanƙarar kan tsauni, inda kogi ke farawa, har tudun. Har yau sunansa take ɗauke da shi, Magudanar Hokimsho. Baƙo bai isa ya kwana gidan Shodmon bai ji wannan labari ba, kuma in ya ƙara kwana zai ƙara ji.

Wanda ya fi kowa jin labarin shi ne Dakta Zafar, masanin ƙasa da duwatsu daga Dushanbe, babban birnin ƙasar, matashi dogo mai tabarau da yawan neman afuwa. Kowace shekara sai ya zo ya kafa turaku a gangaren, ya auna, ya haƙa rami ya shinshina ƙasa. Da yamma a shimfiɗa abinci a ɗakin baƙi, dattawa su kewaye shi, ya yi musu bayani. Rabin bayanin da Rashanci yake fita, sauran rabin kuma da ma Rashancin ne da an fi ganewa.

"Abin da muke gani," in ji shi, "ƙaruwar matsin ruwa ce a ƙofofin shimfiɗar ƙasa, sakamakon tasirin ɗan'adam a sashen sama na tsarin gangaren."

Dattawa su gyaɗa kai a tare. Shodmon ya ce madalla, ya ƙara masa shayi.

A ƙauyen nan ba a ce wa baƙo ba a gane ba. Cewa "me kake nufi" daidai yake da cewa bai iya magana ba, kuma mutumin da ya ci gurasarka ba ka yi masa wannan. Haka aka shekara uku ana gyaɗa kai. In baƙon ya hau mota ya tafi, sai kowa ya fassara maganar yadda ta yi masa daɗi. Wasu suka ce girgizar ƙasa yake nufi, wasu suka ce motocin da ke bin sabuwar hanya, liman kuwa ya ce ai tasirin ɗan'adam ba wani abu ba ne illa zunubi, ya yi huɗuba biyu a kai.

Wata safiya bayan tafiyar Rustamov, Shodmon ya raka jikarsa makaranta, ya haɗu da Malama Nazokat a bakin ƙofa. 'Yar wani amininsa ce da ya rasu, tana koyar da kimiyya, kuma tun tana ƙarama ba ta iya barin magana ta wuce ba.

"Baffa, me Dakta ya ce jiya?"

"Ya yi bayani mai kyau."

"Na ji. Me ya ce?"

"Ke dai yaron nan ya yi karatu. Mahaifinsa ma, an ce..."

"Baffa."

Shodmon ya dubi hagu ya dubi dama. Ya rage murya ya ce, "Wallahi 'yar nan, ko da bindiga aka tsare ni ban san me ya ce ba. Kuma Daulatyor mai rabon ruwa da ke gyaɗa kai kamar zai cire wuya, shi ma bai sani ba."

Ta ja shi cikin aji ta nuna masa allo. Yara sun cika shi da zobba, cikin kowane zobe akwai kalma ɗaya ko biyu: rana, ganye, ruwa, saiwa. Tsakanin zobban akwai kibiyoyi, a kan kowace kibiya an rubuta abin da wannan yake yi wa wancan. Ta ce taswirar tunani ake kiranta. In yaro ya haddace magana bai gane ba, a nan asirinsa ke tonuwa, domin zai rubuta zoben amma ba zai san inda kibiyar za ta nufa ba.

"A kawo mini Dakta da Rustamov da dattawa nan," in ji ta. "Nan ba gidan kowa ba ne, ba mai masauki ba baƙo. A aji kuwa tambaya ba rashin kunya ba ce. Kuma a zo da matan Unguwar Ƙasa. Duk zaman da kuka yi suna bayan gida suna dafa muku shinkafa."

Shodmon ya ɗauki maganar kamar shi ya ƙirƙiro ta. Ya bi gida-gida. Wanda ya ce shi ya girmi zaman aji, Shodmon ya tambaye shi ko ya girmi zaman kudu.

Ranar Asabar aka taru. Dattawa suka cusa kansu a bencin yara, gwiwoyi kusa da gemu. Daulatyor, wanda shi ne mirob, mai rabon ruwan ƙauyen, ya maƙale har sai da aka ja masa teburin. Mata suka zauna baya kusa da taga. Dakta Zafar ya zauna gaba yana riƙe da jakarsa a ƙirji, Rustamov kuma ya ƙi zama, ya jingina da bango yana duba agogo.

Nazokat ta ce dokokinta uku ne. Duk abin da za a sa a zobe sai ya zama abin da za a iya nunawa da yatsa. Duk kibiya sai an faɗi aikinta. Kuma wanda ya san kibiya, shi zai taso ya ja ta da hannunsa. Ta zana wani ɗan akwati a gefen allon.

"Wannan ɗakin baƙi ne. Duk kalmar da ba mu san ta ba za ta zauna a nan, mu ba ta shayi, har sai mun san danginta."

Aka yi dariya, har da Rustamov. Ta rubuta "bango ya tsage" a ƙasan allo, ta kewaye shi.

"Dakta, me ya tsaga shi?"

"To, a taƙaice, rashin daidaiton..."

"Ɗakin baƙi." Ta rubuta kalmar a akwati. "Nuna mini da yatsa."

Ya cire tabarau ya mayar. "Ƙasar da gidan ke kai tana zamewa."

"Ashe ka iya magana!" in ji wani tsoho daga tsakiya. "Shekara uku kana ɓoye mana."

Kafin a yi nisa ɗakin baƙi ya cika. Dakta ya zuba kalma shida, Rustamov ya ƙara da rukunin haɗari na biyu da matakin rage illa. Da aka matsa masa, rukuni na biyu ya zama "zai iya faɗowa bana ko baɗi." Amma aikin ya fara shiga jikin mutane. Dakta ya taso ya zana ƙasa rawaya a sama, yumɓu mai shuɗi-shuɗi a ƙarƙashinta. Ya ce ruwa yana ratsa rawayar kamar yadda yake ratsa buhu, amma in ya iso yumɓun ba ya wucewa, sai ya kwanta a kai. Ya ɗauki littattafai biyu ya ɗora ɗaya kan ɗaya ya karkata su, suka tsaya. Ya ce a ɗauka an shafa sabulu a tsakani.

"Ai mun san yumɓun nan," in ji wata mata. "Da shi muke shafe tanderu."

Aka ja kibiya daga ruwa zuwa yumɓu, aka rubuta "yana kwanciya a kai." Aka ja wata daga yumɓu zuwa ƙasa rawaya, "yana sa ta santsi." Shodmon ya ji wani daɗi ya kama shi. Shekara sittin da ɗori, yau ya ga ƙarƙashin ƙauyensu kamar an yanka kankana. Ya juya yana duban mutane, yana so a tuna wanda ya tara su.

Nazokat ta buga alli a kan zoben ruwa. "Daga ina yake zuwa?"

"Sama," in ji liman. "Daga Allah."

"Ba musu, Malam. Ta wace hanya?"

Aka sa ruwan sama, aka sa narkewar ƙanƙara. Dakta ya ce waɗannan suna taimakawa, amma turakunsa sun fi matsawa a tsakiyar rani, lokacin da babu ɗigon ruwan sama, ƙanƙarar gangaren kuma ta daɗe da tafiya. Ya faɗi haka yana kallon takalminsa, ya koma ya zauna.

Sai Mohira ta yi magana daga baya. Ba ta saba magana gaban maza ba, muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, Nazokat ta sa ta taso. Ta ce ramin da suke ajiye dankali a ƙarƙashin gida bushe yake duk hunturu. Sai bazara ta yi nisa bangonsa ke fara gumi, rani ya cika ya zama sai an kwashe ruwa da bokiti, kaka ta yi ya bushe. Mata uku suka ce nasu ma haka. Wata ta ce ita da gumin ramin take sanin lokacin fito da kayan rani. Ba wanda ya taɓa tambayarsu, su kuma ba su ɗauka magana ce ta zaman dattawa ba.

Shodmon ya dubi 'yarsa tana jan kibiya, ya ji alfahari. Ya ce wa na kusa da shi, "Tawa ce."

"Wane ruwa ne a ƙauyen nan yake zuwa da bazara ya tafi da kaka?" in ji Nazokat. Da gaske take tambaya, ita ma ba ta san inda allon zai kai ta ba. "Malam Daulatyor, kai ne mai ruwa. Lissafa mana."

Daulatyor ya fara da magudanar masallaci, da ta maƙabarta, duk suna can ɗaya gefen kogi. Ya ce sai kuma ta Hokimsho, mai dutse biyu.

"Dutse biyu?" in ji Dakta. "Na ji kuna faɗa. Na zaga ko'ina ban ga wurin niƙa a kanta ba."

Dattawa suka fashe da dariya, suka rama abin da aka yi musu. Nazokat ta kai "dutse biyu" ɗakin baƙi, ta ce Daulatyor ya gabatar da shi. Ya ce dutse ɗaya shi ne ruwan da zai iya juya dutsen niƙa guda, ko akwai niƙa ko babu, haka kakanni ke auna ruwa. Dutse biyu ke shiga magudanar daga bakinta.

"Nawa ke isa lambu?"

Wannan tambayar Shodmon ba zai bar wa wani ita ba. Ya fito daga bencin da ƙyar, ya karɓi allin.

"Ɗaya," in ji shi. "Biyu ke shiga, ɗaya ke isowa. Tun ranar farko haka take. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, cewa yake tudu ma yana da haƙƙinsa, ba ka ratsa gidan mutum da ruwa ka hana shi sha." Ya zana zobe babba, ya fi na kowa girma, ya rubuta sunan mahaifinsa a ciki da kyakkyawan rubutu. "Inda take bin dutse ba ta zubar da ko cokali. Sai ta fito ta hau ƙasa rawayar nan, a nan take raguwa. Ni na san wurin, ciyawa ba ta bushewa a nan." Ya ja kibiya zuwa wani sabon zobe, ya rubuta "rabin da tudu ke sha." Ya karkaɗe hannu ya juyo yana murmushi.

Ba wanda ya yi murmushi. Daulatyor yana nazarin farcensa. Liman ya ce kamar azahar ta gabato, alhali inuwa ba ta ko karkata ba. Wani ya ce ai shinkafa ta nuna tun ɗazu, kada a bar baƙi da yunwa, maza suka fara ƙoƙarin zare gwiwoyinsu daga benci. Nazokat ta tsaya da hannu a baki. Mohira ta ja gyalenta ta rufe fuska.

Shodmon ya yi mamakin rashin ladabin mutane, ana tsakiyar aiki. Ya juya ga allon don ya nuna musu inda aka tsaya. Zobensa na ƙarshe yana sama. Zoben ruwan da ke kwanciya kan yumɓu yana ƙasa da shi kaɗan. Tsakaninsu ba komai sai baƙin allo, faɗin tafin hannu. Ya bi kibiyoyin da ido daga nan zuwa ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, har ya iso ramin dankalin 'yarsa da bangon da ya tsage. Ya sake bi daga ƙasa zuwa sama, ko za su kai shi wani wurin. Suka dawo da shi kan sunan mahaifinsa.

"Ku zauna," in ji shi.

Aka zauna.

"Dakta. Ka san wannan?"

Dakta Zafar ya miƙe kamar ɗalibin da aka kama. "Na yi zato, Baffa. Ban san yawan ruwan ba sai yau. Amma na yi zato tun zuwana na farko."

"Ka faɗa mini?"

"Na faɗa. A gidanka, kana zuba mini shayi."

"Na ce me?"

"Ka ce madalla."

Wani ya yi tari. Dakta ya ci gaba. "A ɗakinka nake kwana, Baffa. Tuffarka nake kai wa mahaifiyata. Kowane dare ka ba ni labarin yadda mahaifinka ya rataya da igiya. Ta yaya zan buɗe baki a kan shimfiɗarka in ce ita ce? Na faɗa yadda zan iya faɗa. Na ce wataƙila wani zai tambaye ni."

Shodmon bai ji haushinsa ba, ko da yake ya nemi haushin. Yaron tarbiyya ya nuna, su ma tarbiyya suka nuna, tsakanin tarbiyyar biyu bangon Mohira ya buɗe har hannu yana shiga. Abin da ya ji kunya ce.

"In aka sa bututu a wurin ƙasa rawayar?"

"Zai rage rabi." Wannan karon Dakta bai nemi doguwar kalma ba. "Amma lambun kansa a kan gangaren yake. Dutse ɗayan da ke isowa, kai kake zuba shi a kan tudun da hannunka. Itatuwa su sha nasu, sauran ya gangara."

"In aka rufe ta gaba ɗaya, ƙasar za ta tsaya?"

"Ban sani ba. Za ta rage gudu. Wataƙila ta tsaya."

Shodmon ya dubi Rustamov. Jami'in ya bar duba agogo. Ya ce in aka tare ruwan yanzu, turaku kuma suka nuna ƙasar ta lafa har bazara mai zuwa, shi zai rubuta a ɗage kwashe mutane. Fiye da haka ba zai yi alkawari ba.

"Malam Shodmon," in ji Daulatyor, "ba yau za a yanke ba. A ci abinci, a yi shawara. A bari ko tuffar bana ta nuna, saura kaɗan."

"Baba, bari," in ji Mohira daga bayan gyale. "Kudu ma mutane ne a can."

Shodmon ya matsa kusa da allo. Nazokat ta miƙo hannu a hankali don ta karɓi allin, ta raba shi da wannan aikin. Ya hana ta.

"Ke kika ce wanda ya sani shi zai ja."

Ya ja kibiyar. Gajeriya ce, ba ta ɗauki lokaci ba. Ya tsaya yana tunanin abin da zai rubuta a kanta, sannan ya rubuta "yana gangarawa," ya ajiye allin a kan tebur.

Bayan azahar ya ɗauki shebur da fartanya ya kama hanyar bakin magudana. Bai kira kowa ba, amma da ya waiga sai ya ga maza sun biyo shi a jere a kan siririyar hanyar, kowa da sheburinsa, kamar ranar aikin gayya. Da suka isa, aka tsaya cirko-cirko. Buɗe magudana da bazara yana da tsarinsa, a yanka akuya, liman ya yi addu'a, a raba nama. Rufe ta da kaka aikin mirob ne shi kaɗai. Amma rufe ta a tsakiyar rani, itatuwa ɗauke da 'ya'ya, ba wanda ya gaji yadda ake yi, liman ma bai san wace addu'a zai ja ba. Ba wanda ya yarda ya fara.

Shodmon ya tuɓe takalmi ya shiga ruwan, sanyinsa ya kama shi har ƙashi. Ya ɗago wani faffaɗan dutse ya kafa a bakin. Daga nan sauran suka sa hannu, suna jibga duwatsu da ciyawa da laka. Ruwan ya taru, ya yi kumfa, ya juya ya koma kogi. Dakta Zafar ya yi aiki fiye da kowa, ya ɓata wandonsa na birni har gwiwa.

Suka koma ta hanyar ƙasa, Shodmon ya ce shi zai bi magudanar. Ruwan da ya riga ya shige yana ci gaba da tafiya a gabansa, bai san an rufe bayansa ba. Ya bi shi a hankali. A bayansa ƙasan magudanar yana fitowa, tsakuwa masu sheƙi da gansakuka a kwance. Ya wuce wuraren da har yanzu ake ganin sawun gudumar mutanen da, ya wuce ƙasa rawayar, bai tsaya ba. Ya ɗan ƙara sauri ya riga wutsiyar ruwan isa lambu.

A bakin lambun magudanar ta rabu biyu. Hannun dama yana shiga kwarin itatuwa. Hannun hagu ɗan gajeren mazubi ne a kan dutse, wanda ake buɗewa in ruwa ya yi yawa, ya faɗa kwazazzabo ya koma kogi ba tare da ya taɓa tudun ba. Itatuwan suna tsaye cikin zafin la'asar, rassa sun sunkuya da tuffa kore da ba ta gama cika ba, ganye ya ɗan lanƙwashe. Dama yau ne ranar shansu.

Ruwa na ƙarshe ya iso, bai fi a cika tulu ashirin ba. Hannunsa ya ɗaga fartanya da kansa ya nufi dama, yadda ya saba tun yana ɗan shekara goma. Ko layi ɗaya ne ya sha. Wa zai sani, kuma me tulu ashirin zai yi wa tudu guda?

Ya tsaya da fartanyar a sama. Daga nan ana hango rufin kwanon Unguwar Ƙasa, da hayaƙin girkin yamma, da wata yarinya tana kora tumaki cikin wani gida. Ya san hanyar da ruwan zai bi ya isa can, ya san ta taki-taki, kuma ba yadda zai yi ya koma bai sani ba.

Ya sauke fartanyar a hagu, ya ja lakar da ta toshe mazubin. Ruwan ya ɗan yi jinkiri a mararrabar, sannan ya bi ta kan dutsen ya faɗa kwazazzabo. Shodmon ya tsaya har ya ƙare, ya goge bakin fartanyar da ciyawa, ya shiga cikin itatuwan yana tokare rassan da suka yi nauyi da sanduna, don kada su karye kafin su bushe.